Tauraro Marar Tabo: Tsokaci a Kan Yadda Muke Rubuta Rayuwar Malam Aminu Kano

1.0 Gabatarwa

A cikin rubuce-rubucen da ɗalibai suka miƙo wa wannan mujalla a bana, akwai waƙoƙi huɗu da wasan kwaikwayo ɗaya waɗanda duk suka ɗauki marigayi Malam Aminu Kano a matsayin tauraronsu. Wannan abin farin ciki ne, domin ya nuna cewa shekara arba'in da ɗoriya bayan rasuwarsa, matasan da ba su riske shi ba suna jin yana da abin da zai gaya musu. Sai dai da na karanta ayyukan ɗaya bayan ɗaya, na ga kamar hannu guda ne ya rubuta su. A cikinsu duka Malam ba ya shakka, ba ya kuskure, ba ya kwana da damuwa. A wasan kwaikwayon, alal misali, da zarar ya shigo dandali ya buɗe baki sai hakimi ya sunkuyar da kai, talakawa su ɗauki kirarin Sawaba, wasa ya ƙare.

Wannan ya sa na yi wa ɗaliban ajin tarken adabi tambayoyi biyu. Ta farko, wane aiki Malam ya riƙe a lokacin yaƙin basasa? Ta biyu, wace gwamnati ce ta tayar da bom ɗin atom a hamadar Sahara a shekarar da Nijeriya ta sami mulkin kai, kuma a wane ɓangaren majalisa Malam yake zaune a lokacin? Ajin ya yi tsit.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa abin da ya fi cancantar alƙalami a rayuwar mai son lumana wanda ya shiga siyasa shi ne wuraren da aƙidarsa ta yi karo da bukatun siyasar, kuma waɗannan wurare su ne marubutanmu suke tsallakewa. Za a dubi inda muka gaji wannan ɗabi'a, a kawo wurare uku daga rayuwar Malam, sannan a kwatanta da rayuwar wata Bajamushiya wadda ta bi irin wannan hanya, kafin a dawo kan abin da ya shafi marubucin da ke zaune a Lafiya.

2.0 Tauraron da Muka Gada

Ba laifin ɗalibai ba ne su kaɗai. Adabinmu yana da tsohon masaƙi na fitar da mutumin kirki, kuma duk wanda ya tashi a cikinsa zai iske hannunsa yana bin zaren ko bai yi niyya ba.

Tushe na farko shi ne waƙar yabo, ta baka da rubutacciya. Aikin mai yabo shi ne ya tara kyawawan halaye a kan uban gidansa, ya tara munana a kan abokin hamayya ta hanyar zambo da habaici. Da siyasar jam'iyyu ta zo a shekarun 1950, mawaƙan NEPU irin su Gambo Hawaja da Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu sun karɓi wannan kayan aiki suka juya shi a kan masu mulki. Sun yi abin da lokacinsu ya bukata, domin waƙarsu makami ce a fagen daga, kuma ba a tsammanin soja ya tsaya lissafa aibin kwamandansa ana tsakiyar artabu. Amma ɗalibin da ke rubutu a yau ba ya cikin wancan fage. NEPU da NPC duk sun zama tarihi. Idan ya ari muryar mawaƙin jam'iyya, to ya ari fushin da ba nasa ba ke nan, kuma mai karatu zai ji haka.

Tushe na biyu yana cikin ƙagaggen labari. A cikin littattafan da suka fito daga gasar da Hukumar Talifi ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Dokta R. M. East, littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kafa wani irin tauraro wanda har yanzu muke kwaikwayo. Umar yaro ne da aka sace, aka raba shi da mahaifiyarsa, aka ƙetare Sahara da shi, ya yi karatu ya zama malami, ya tsira daga guguwar rairayi wadda ta halaka ayarinsu. Littafin yana da daɗi, harshensa a tsabtace yake, kuma wahalar mahaifiyar Umar tana taɓa zuciya. Amma idan aka lura, kusan duk abin da ya faru a labarin faruwa ya yi a kan Umar. Da wuya a nuna wurin da aka ajiye masa hanyoyi biyu masu ɗaci aka ce ya zaɓi ɗaya. Kyawunsa na haƙuri ne da karɓar ƙaddara.

A 1974 A. H. M. Kirk-Greene ya jera halayen da Bahaushe yake auna mutumin kirki da su, irin su gaskiya da amana da karamci da haƙuri da kunya da mutunci da adalci. Jerin daidai yake. Matsalar marubuci tana farawa ne ranar da biyu daga cikin waɗannan halaye suka ja mutum ɗaya zuwa kusurwa biyu, wato ranar da riƙe amanar aboki ya saɓa wa faɗin gaskiya, ko ranar da neman adalci ya bukaci a ajiye haƙuri. Waƙar yabo ba ta da gurbin wannan rana, kuma Shaihu Umar bai gamu da ita ba. Malam Aminu kuwa ya gamu da ita ba sau ɗaya ba.

3.0 Malam a Matsayin Mai Lumana

An haifi Malam Aminu a birnin Kano ranar 9 ga Agusta 1920, a gidan malamai da alƙalai na Gyanawa. Ya yi karatu a Kwalejin Kaduna, inda ya fara rubuta wasannin kwaikwayo masu sukar zalunci da ha'inci, daga ciki har da Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba? Ya koyar a Midil ta Bauci, inda ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur, ya kuma yi kwas a Landan daga 1946 zuwa 1947, daidai lokacin da Indiya take karɓar 'yancinta. Daga can ya dawo da sha'awar tafarkin Mahatma Gandi na yaƙar zalunci ba tare da ɗaukar makami ba, ya haɗa shi da abin da ya karanta a littattafan Shehu Usmanu da Malam Abdullahi na Gwandu game da haƙƙin talaka a kan mai mulki. A ƙarshen 1950 ya ajiye aikin koyarwa a Maru ya shiga NEPU, wadda aka kafa ranar 8 ga Agusta na wannan shekara, ya zama shugabanta a 1953.

Ya kamata a fahimci cewa lumana a bakin shugaban NEPU ba magana ce mai arha ba. Mabiyansa ne ake ɗaurewa a kotunan alƙalai, 'yan doka su yi musu bulala, a ƙwace gonakinsu. Hajiya Gambo Sawaba kaɗai ta shiga kurkuku sau da dama. A Kano an sami ƙungiyar 'yan tauri da aka sani da Jam'iyyar Mahaukata, masu far wa 'yan Sawaba a tarurrukansu, har matasan NEPU suka kafa nasu reshe na kare kai. Wanda zai tsaya gaban saurayin da aka fasa wa kai jiya ya ce masa kada ya rama, to ya san nauyin abin da yake faɗa. A nan ma akwai wasan kwaikwayo cikakke: saurayin, da uwarsa, da Malam, a zaure ɗaya. Babu ko ɗaya daga cikin ayyuka biyar da na karanta wanda ya bai wa wannan saurayi baki ya yi wa Malam gardama.

4.0 Wurare Uku da Alƙalami Yake Tsallakewa

4.1 Bencin Gwamnati da Bom ɗin Sahara

A zaɓen Disamba 1959 Malam ya ci kujerar Kano ta Gabas a Majalisar Wakilai da ke Legas. NEPU tana ƙawance da NCNC, ita kuma NCNC ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da NPC. Da haka sai shugaban 'yan Sawaba ya sami kansa a bencin gwamnati, har da muƙamin mataimakin bulaliyar ɓangaren gwamnati, a ƙarƙashin Firayim Minista ɗan jam'iyyar da En'e-En'enta suke ɗaure mabiyansa a gida. Mutum zai iya kiran wannan dabara, wani kuma ya kira shi miƙa wuya. Kowanne yana da hujja, kuma wannan shi ne abin da ya sa wurin ya dace da adabi.

A daidai wannan lokaci ne maganar makamin ƙare-dangi ta shigo ƙofar gidanmu. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bom ɗinta na farko na atom a kusa da Reggan, cikin Saharar Aljeriya. Ƙarfinsa ya kai na tan dubu 70 na nakiya, wato ya ninka wanda Amurka ta jefa a Hiroshima a 1945 fiye da sau huɗu. Duk Bahaushe ya san daga ina iskar hunturu take tasowa, kuma ya san watan Fabrairu ba ta gama kaɗawa ba. Wata taswirar sojan Faransa da jaridun ƙasar suka buga a 2014 ta nuna cewa ƙurar gwajin ta bazu har Njamaina da Bamako.

Mutane iri biyu ne suka tashi a kan wannan al'amari. Na farko su ne masu fafutuka marasa muƙami. A Disamba 1959 wani ayari ya tashi daga Akra, babban birnin Gana, da goyon bayan gwamnatin Kwame Nkrumah, da niyyar su je su zauna a filin gwajin da jikinsu. A cikinsu akwai limamin kirista Michael Scott, da Bayard Rustin na ƙungiyar neman 'yancin baƙaƙen fatar Amurka. Jami'an Faransa suka tare su a ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau, suka mayar da su baya. Na biyu su ne masu riƙe da gwamnati. Bayan gwaji na uku, wanda aka yi ranar 27 ga Disamba 1960, gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa a farkon Janairu 1961, ta ba jakadanta Raymond Offroy awa 48 ya bar ƙasar, ta kuma hana jiragen sama da na ruwa na Faransa sauka. Marubucin da ya taɓa kwatanta Sahara a matsayin hanyar bayi shi ne ya ɗauki wannan mataki saboda Saharar.

To amma Faransa ba ta fasa ba. Ta yi gwaji na huɗu a Afrilu 1961, sannan ta koma yi a ƙarƙashin ƙasa a In Ekker har 1966, jimilla gwaji 17 a Aljeriya. Har ila yau, majalisar da Malam yake zaune a cikinta ita ce ta amince da yarjejeniyar tsaro da Ingila a 1960, wadda ɗaliban jami'a suka yi wa zanga-zanga har aka soke ta a Janairu 1962. Ke nan na waje sun riƙe tsabtar hannunsu amma an tare su a kan iyaka, na ciki sun iya korar jakada amma sun zauna da abin da ba su so. Tambayar da ke gaban duk mai son lumana ita ce wane ɓangare zai tsaya, kuma Malam ya amsa ta da ƙafarsa. Ya zauna a ciki har ya faɗi zaɓen 1964.

4.2 Teburin Sulhu da Kasuwar Makamai

Wuri na biyu ya fi na farko zafi. A 1967 Janar Yakubu Gowon ya naɗa Malam Kwamishinan Tarayya na sadarwa, daga baya na lafiya, ya zauna a gwamnatin soja har 1974. Yaƙin basasa ya ɓarke a Yuli 1967, bai ƙare ba sai Janairu 1970. A Mayu 1968 Malam yana cikin tawagar tarayya da ta je Kamfala, babban birnin Yuganda, a ƙarƙashin Cif Anthony Enahoro, domin neman sulhu da wakilan Biyafara, taron kuma ya watse ba a daidaita ba. A cikin wannan yaƙi dai, shi ne aka ɗora wa shugabancin kwamitin sayo makamai, ya yi ta tafiye-tafiye ƙasashen waje saboda wannan aiki.

Mai karatu ya tsaya ya auna. Mutumin da ya shafe shekaru yana hana 'yan Sawaba ɗaukar gora shi ne yake cinikin bindiga da harsashi, a yaƙin da yunwa ta kashe yara marasa adadi a cikinsa. Ba na kawo wannan domin in tozarta shi ba. Akwai hujjoji masu ƙarfi a ɓangarensa: ya gaskata da haɗin kan Nijeriya, yana cikin waɗanda suka goyi bayan raba ƙasar zuwa jihohi 12 a Mayu 1967, abin da ya karya tsohon ƙarfin Jihar Arewa ya kuma buɗe wa ƙananan ƙabilu ƙofa. Mu mutanen Lafiya a wannan rabo ne muka sami kanmu a Jihar Binuwai-Filato, matakin farko na hanyar da ta kai ga kafa Jihar Nasarawa ranar 1 ga Oktoba 1996. Yana iya yiwuwa ya ga cewa gaggauta ƙarshen yaƙi shi ne mafi sauƙin sharri biyu. Amma hujja ba ta hana zuciya ciwo, kuma aikin marubuci shi ne ya shiga ɗakin masauki da dare, bayan an sa hannu a takarda, ya nuna mana mutumin shi kaɗai. Tarihi ba shi da izinin shiga wannan ɗaki, domin babu shaida. Ƙagaggen labari da wasan kwaikwayo suna da izini, muddin marubucin ya bayyana cewa ƙage yake yi, bai kuma murɗe abin da aka tabbatar ba.

Littafin da ya fi kusantar waɗannan shekaru shi ne African Revolutionary na Alan Feinstein, wani likitan haƙori Ba'amurke wanda ya yi abota da Malam. An buga shi a 1973, aka sake fitar da shi da ƙari a 1987. Littafi ne mai amfani ƙwarai, domin marubucin ya zauna da Malam ya kuma yi hira da mutanen da suka san shi. Rauninsa biyu ne. Na farko, aboki ne ya rubuta, kuma idon aboki yakan yi saurin samo uzuri. Na biyu, da Turanci aka yi shi domin masu karatu na waje, saboda haka yakan ɓata lokaci wajen bayyana abin da kowane Bakano ya sani, ya kuma wuce da sauri a wuraren da mu muke son a tsaya. Shi kansa Malam ya rubuta Rayuwar Ahmad Mahmud Sa'adu Zungur, wanda ya fito a 1973, ya nuna cewa ana iya rubuta tarihin ɗan gwagwarmaya da Hausa. Abin kunya ne a ce har yanzu ɗalibin Hausa da ke son sanin Malam sosai sai ya bi ta Turanci.

4.3 Santsi da Taɓo

Wuri na uku shi ne na ƙarshen rayuwa. A 1978 Malam ya jagoranci kafa PRP. A zaɓen shugaban ƙasa na 1979 ya zo na huɗu da ƙuri'a kimanin miliyan 1.7, jam'iyyar kuma ta ci gwamnonin Kano da Kaduna, wato Muhammadu Abubakar Rimi da Abdulƙadir Balarabe Musa. Da hawansu suka soke haraji da jangali, abin da NEPU ta daɗe tana kira a kai. Mafarki ya tabbata. Amma ba a yi shekara biyu ba jam'iyyar ta tsage gida biyu a kan halartar gwamnonin nan tarurrukan gwamnonin adawa tare da na UPN da GNPP. Uwar jam'iyya ta hana, suka ƙi hanuwa, aka kore su. Ɓangaren Malam ya zama Taɓo, na gwamnoni ya zama Santsi. An tsige Balarabe Musa a Yuni 1981. A cikin wannan zazzafan yanayi ne tarzomar 10 ga Yuli 1981 ta auku a Kano, bayan takardar tuhuma da gwamnati ta aika wa Sarki, inda aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa.

A nan abokan hamayyar Malam ba hakimai ba ne, almajiransa ne, waɗanda suka koyi bijirewa a zaurensa, suka kuma juyo da kalmominsa suna zarginsa da sassauci. Dattijon da ya koya wa matasa su ce a'a ga sarakuna, yaya zai ji ranar da suka ce masa a'a? Shin ladabin jam'iyya yake karewa, ko kuwa girman kansa? Su kuma, aƙida suke bi ko daɗin kujera? Ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983 ba a ɗinke ɓarakar ba. Wannan shi ne babi mafi ban tausayi a rayuwarsa, kuma shi ne wanda ɗalibanmu biyar suka yi kamar bai faru ba.

5.0 Madubi Daga Jamus

Wannan matsala ba ta Malam kaɗai ba ce. Makonni kaɗan kafin rasuwarsa, a Maris 1983, wata mata mai suna Petra Kelly ta shiga majalisar dokokin Jamus ta Yamma. An haife ta a 1947. Mutuwar ƙanwarta da ciwon daji a 1970 tana cikin abubuwan da suka tura ta yaƙi da nukiliya. Ita ma tafarkin Gandi ta bi. Ta yi fice a zanga-zangar hana girke makamai masu linzami na Amurka a ƙasarta, tana kuma cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar masu kare muhalli a 1980, wadda take so ta zama jam'iyya mai adawa da halin jam'iyyu.

Majalisa ba ta saurare ta ba: a Nuwamba 1983 aka kaɗa ƙuri'ar amincewa da girke makaman. Jam'iyyarta tana da ƙa'idar cewa ɗan majalisa ya sauka bayan shekara biyu ya ba wani, ita kuwa ta ƙi sauka, abin da ya ɓata tsakaninta da abokan tafiyarta. Ta rasa kujerarta a 1990. A Oktoba 1992 aka iske gawarta a gidanta da ke Bon, abokin zamanta Gert Bastian, tsohon janar na soja wanda ya koma ɗan fafutukar lumana, ya harbe ta ya harbe kansa. Bayan mutuwarta jam'iyyar ta shiga gwamnati a 1998, ta goyi bayan yaƙin Kosobo a 1999, abin da ya saɓa wa tushenta. Amma ita ce kuma ta ja ragamar dokar rufe tashoshin nukiliya, waɗanda na ƙarshensu suka daina aiki a Afrilu 2023. Ga riba, ga asara, a cikin ƙwarya ɗaya.

Abin lura ga manazarci shi ne yadda aka rubuta ta. Sara Parkin, abokiyar gwagwarmayarta daga Ingila, ta fitar da tarihin rayuwarta a 1994, ba ta kuma ɓoye fargabar da ta addabe ta ba, da kaɗaicinta, da yadda ta dogara ga mutumin da ya zama ajalinta. Wannan bai rage mata daraja ba a idon mai karatu. Ya sa ne aka gane tsadar abin da ta yi. Ba ina cewa mu ɗauki al'adar Turawa ta tone-tonen sirrin gida ba, domin kunya da sutura suna da muhallinsu a wurinmu. Abin da nake magana a kai ayyuka ne na fili, waɗanda aka yi a majalisa da ofis da dandalin siyasa. Waɗannan ba sirri ba ne, kuma rufe su ba kunya ba ce, ragwanci ne.

6.0 Abin da Ya Shafi Marubucin Lafiya

Wani zai ce, me ya haɗa ɗalibin Lafiya da bom ɗin Reggan ko rikicin PRP? Amsar tana bakin ƙofa. Garinmu mahaɗa ce ta Barebari da Alago da Eggon da Gwandara da Migili da Tibi da Fulani da Hausawa, kuma Hausa ce harshen da suke ciniki da sulhu da ita. Mun ga abin da ya faru a Alakyo a Mayu 2013, inda jami'an tsaro da dama suka rasa rayukansu, mun kuma ga rikicin manoma da makiyaya a ƙauyukan da ke kewaye da mu. A kowane irin wannan lokaci akan sami mutumin da yake kiran a zauna lafiya, sannan a jawo shi cikin kwamiti ko a ba shi muƙami, daga nan danginsa su fara kiransa maci amana. Wanda bai taɓa karanta labarin mai lumana da ya shiga tsaka mai wuya ba, zai ɗauka cewa duk wanda ya yi sassauci munafuki ne, duk wanda ya ƙi sassauci kuma gwarzo ne. Adabin da ke koyar da haka yana ƙara wa wuta itace ne, ko da kalmar zaman lafiya ta cika kowane baiti.

Daɗin daɗawa, maganar nukiliya ba ta wuce ba. Tun 1971 ake haƙar ma'adinin yuraniyom a Arlit ta Jamhuriyar Nijar, inda Hausawa da Buzaye da sauran ma'aikata suka yi ta shaƙar ƙurarsa. Amina Weira, 'yar wani tsohon ma'aikacin wurin, ta yi fim a kan haka a 2016. Ƙasashen Afirka sun sa hannu a yarjejeniyar Pelindaba a 1996 domin tsarkake nahiyar daga makaman nukiliya, Nijeriya kuma ta tabbatar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haramta su ranar 6 ga Agusta 2020. Ga jigogi nan jibge, daga ayarin da aka tare a 1959 zuwa ma'aikacin Arlit mai tari da dare.

Ga wanda zai sake gwada rubuta Malam, shawarata uku ce. Ya zaɓi rana ɗaya ko mako ɗaya maimakon rayuwa sukutum. Ya ba abokin gardamar Malam hujja mai ƙarfi, irin wadda shi kansa marubucin zai sha wuyar amsawa. Sannan ya yi bincike kafin ya ɗauki alƙalami: gidan Mumbayya da ke Gwammaja a Kano, wanda ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero, yana nan a buɗe, kuma akwai dattawan da suka ga zamanin Santsi da Taɓo da idonsu a kusan kowace unguwa.

7.0 Kammalawa

An yi ƙoƙari a wannan maƙala a nuna cewa al'adar yabo da samfurin tauraro mai haƙuri sun sa muna rubuta Malam Aminu Kano ba tare da wuraren da suka fi gwada shi ba, wato zamansa a bencin gwamnati daga 1959, da aikinsa a yaƙin basasa, da rabuwarsa da almajiransa. Yabon gwani ya zama dole, kuma Malam gwani ne: ya rasu bai tara dukiya ba, talakan Arewa kuma ya koyi ɗaga kai a dalilinsa. Amma mutumin da ya fara rayuwarsa ta rubutu da wasannin da ke tone ha'incin manya bai cancanci a saka masa da rubutun da ke tsoron gaskiya ba. Ga ɗalibai biyar da suka miƙo ayyukansu, harshenku yana da kyau, ƙaunarku kuma ta gaskiya ce. Ku koma ku karanta abin da ya faru a Kamfala a 1968 da Kano a 1981, sannan ku sake zama. Shafukan mujallar baɗi suna jiran abin da za ku kawo.